Na bi sawun kakana sojan Bama, daga Kaduna har Landan

Duk wanda yake da kaka ko uba da ya je yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, kuma yana son sanin ainihin inda tsohon ya taka, to ya fara neman lambarsa ta soja tun kafin ya shiga mota. Ita ce ta riƙe ni a duk tafiyar nan da zan baku labari, dan suna shi kaɗai ba inda zai kai ka a takardun sojan Turawa.

Kakana na wajen uba ya rasu ina ƙarami. A gida kowa yasan ya je yaƙin Hitila, amma in kace wace bataliya, wace shekara ya tafi, ina da ina ya je, sai kowa yayi shiru, daga "ai Bama ya je" ba ƙari. Gwaggona babbar 'yarsa ita ta adana kayansa, minda guda uku da wata takardar sallama da ta koma ruwan ƙasa duk ta karye ta wajen ninki. Ɗaya daga cikin mindar tauraro ce mai ƙyalle ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, wannan ita ce tauraruwar Bama da aka ba duk wanda yayi yaƙi a can. Na juya bayanta ko zan ga suna, ba komai, fayau, haka aka raba su a yaƙin duniya na biyu ba a buga sunan kowa ba. Takardar ce ta cece ni. Akwai lamba mai farawa da NA, akwai shekarar sallama 1946, akwai wasu haruffa "Aux Gp" a wajen da ake rubuta rundunar mutum (daga baya na gane rundunar 'yan dako suke nufi), sai sunansa na yanka haɗe da sunan gari, ba sunan mahaifinsa. Haka magatakardan bariki suke yi wa mutanen Arewa, in ka zo shiga soja sai a ce maka Musa Kano ko Audu Sakkwato ko Garba Katsina, shikenan ka tashi daga ɗan wane ka koma ɗan gari kaza, kuma a bataliya ɗaya sai a samu masu suna iri ɗaya rututu. Gwaggo tace "kai dai ka dawo min da ita yadda ka ɗauka", nace Gwaggo ba ma sai na tafi da ita ba, na ɗauki hotonta gaba da baya a waya na mayar mata abarta. Ina ba kowa shawara yayi haka, irin takardun nan basa jure jaka da zufa.

Kaduna na fara zuwa. Wanda ya san garin ya san barikin Dalet a Kawo, ya san Kalapanzin, sunaye ne da muke faɗa kullum a bakin ɗan acaɓa ba tare da mun taɓa tambayar yaren wa ne ba, ku riƙe su zamu dawo kansu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana kan titin Yakubu Gowon, ɗaya ne cikin manyan rassa uku, sauran suna Ibadan da Inugu, kuma asalin aikin Farfesa Kenneth Dike ne ya kafa shi a 1954. In ka shiga zaka cike takarda, a baka littattafan jerin fayil ka zauna kana bi layi layi kana kwafe lambar wanda kake so, akwai na SNP wato na sakatariyar lardunan Arewa, akwai na kowane lardi daban, Kanoprof, Zarprof, Sokprof da sauransu. Malamin da ya taimaka min mutum ne mai haƙuri, tun da na nuna masa hoton takardar yace "Malam, nan takardun mulki ne, na razdan da di'o da En'e, fayil ɗin soja na mutum ɗaya sai wajen sojoji, amma zauna ka karanta yadda aka kwashe su da yadda suka dawo, zai maka amfani." Kuma wallahi yayi min.

Abinda na gani a fayilolin ɗaukar soja ya canja min yadda nake kallon maganar gaba ɗaya. A takarda dai sa kai ne, amma yadda abin yake tafiya shi ne a rubuto daga sama cewa ana son mutum kaza daga lardi kaza, razdan ya miƙa wa sarki, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya dubi dagaci, dagaci ya dubi wanda ba shi da mai tsaya masa. Akwai waɗanda suka je da ƙafarsu dan albashi da kaki da son ganin duniya, wannan gaskiya ne, akwai kuma waɗanda aka nuna da yatsa. A daidai lokacin nan ne kuma ake kwasar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, daga 1942 zuwa 1944, saboda Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila take samun kuzarta, to kaga saurayi a ƙauye yana tsakanin rami da bariki. Fayilolin da suka fi taɓa ni su ne na bayan yaƙi, wasiƙun mazan jiya, wasu da hannun mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa wasu an dangwala yatsa a ƙasa, wannan yana neman aikin masinja, wancan ɗan doka, wani yana cewa kuɗin sallamarsa bai cika ba, wani ya dawo da ciwo ba ya iya noma. Kusan kowanne sai ya sa lambarsa ta soja a sama kafin ma gaisuwa, sun riga sun gane da ita ake saninsu. Na yi ta bin lambobin da ido ko zan ci karo da tamu, ban ci ba. A Kadunan dai na samu na duba tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, shekarar da yaƙin ya ɓarke, kana karantawa kana jin yadda ake kawo wa mutanen gida labarin fagen daga da Hausa mai daɗi, ana kuma zuga samari.

Kafin na bar garin na leƙa wajen 'yan mazan jiya. Tsofaffin da na tarar na yaƙin basasa ne na 1967 zuwa 1970, da na Laberiya, na Bama kam sai dai labari, wanda ya shiga yana ɗan 18 a 1943 ai yanzu ya haura 100. Wani tsohon samanja ya karɓi wayata ya ƙura wa hoton ido ya daɗe, sannan yace "ɗana, kakanka ɗan dako ne, su ne masu ɗaukar kaya a ka, tun kafin ka buɗe baki ina gaya maka kar ka sake ka raina, mu da muka yi daji mun san wanda ya kawo maka harsashi da ruwa shi ne ubanka a ranar." Nace Baba ranka ya daɗe ai sani nazo nema, ko me yayi nawa ne. Shi ne ya ce min in tafi Lakwaja, can ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yake.

Lakwaja ban daɗe ba. Garin kansa tarihin soja ne, nan Lugga ya yi sansanin rundunar da ta zama RWAFF, rundunar Afirka ta Yamma mai tambarin bishiyar kwakwa, wadda aka fara haɗawa a 1897 aka ƙara mata sunan sarauta a 1928. Barikin garin sunan Chari Maigumeri yake ɗauke da shi, samanjan nan ɗan Barno da ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, ya dawo wajen Ingila, ya yi yaƙin Habasha ya yi na Bama, aka ba shi kyaftin na girmamawa a 1953. Na bar takardar nema da kwafin sallamar da shaidar cewa ni jikansa ne, na juyo. Takardun shekara 80 ne, aiki ne mai son haƙuri.

Landan kuwa wani kwas na wajen aiki ne ya kai ni, nace ba zan dawo ba sai na taka Kew, inda gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya yake. Jirgin ƙasa na layin District zaka hau ka sauka a tashar Kew Gardens, sai 'yar tafiyar ƙafa ta cikin unguwa. Shiga kyauta ne, katin karatu ma kyauta, kawai ka zo da shaida biyu, ɗaya ta ko kai waye ɗaya ta inda kake zaune, a ɗauki hotonka a baka kati. Jaka da biro duk a loka ake barinsu, fensir kawai ake shiga da shi da waya, kuma an yarda ka ɗauki hoton takardu iya son ranka muddin ba filasha. Zaka zauna a kwamfuta ka sa lambar fayil, a baka lambar kujera, bayan ɗan lokaci kaje wani akwatin gilashi mai lambar kujerarka ka tarar an ajiye maka. Ni da na taɓa takardar farko sai da hannuna yayi rawa, siririya ce kamar zata yage, wani wajen bugun tafireta wani wajen fensir, kuma an rubuta ta ne a cikin dajin can a ranar da abin yake faruwa.

Ga abinda ya kamata mai niyyar zuwa ya sani dan kar ya sha wahalar banza. Fayil ɗin kowane sojan Afirka shi kaɗai, mai ɗauke da ranar shigarsa da tsayinsa da laifinsa da jinyarsa, galibi ba a kwaso su zuwa Ingila ba, a ƙasashen aka barsu. Abinda ke Kew shi ne littafin yau da kullum na kowace runduna, dan doka ce a lokacin yaƙi kowace bataliya sai ta rubuta abinda ya faru kowace rana, akwai gurbin wuri, gurbin kwanan wata, gurbin awa, sai bayani. Na fagen Bama da Indiya suna ƙarƙashin jerin fayil mai lamba WO 172, na zamansu a Afirka ta Yamma kafin tafiya suna WO 173. Saboda haka mutum ba ka binsa kai tsaye, rundunarsa kake bi, in ka san ƙungiyar da yake ciki to ka san inda ya kwana kusan kowane dare.

Manyan runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, duka a 1943 aka haɗa su, kuma mutanen yankin da suka je can sun kai wajen 90,000, fiye da rabi 'yan Najeriya. Ta 81 mai tambarin baƙin gizo ita ta fara tafiya, ta zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu zuwa Bombai, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, kuma daga cikinta aka cire birged guda ta 'yan Najeriya zalla, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit waɗanda aka jefa bayan layin Japan, daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo suna. Kakana a ta 82 ya faɗo. Su a 1944 suka tashi ta mashigin Suwez, aka yi musu horo a wajen Ranchi a Indiya, sannan aka gangara da su ta Chittagong zuwa yankin Arakan na yammacin Bama a ƙarshen shekara. Tambarinsu kuwa mashi biyu ne a gicciye sun ratsa ta cikin gammo. Gammo fa, na ɗan dako, shi rundunar gaba ɗaya ta ɗinka a kafaɗa, har hafsoshin Turawa.

Ina cikin bin shafukan ne sai na fara ganin sunayen da na sani. Disamba 1944 sun kama Buthidaung suna gangarawa ta kogin Kalapanzin. Janairu 1945 su da ta 81 sun haɗu sun karɓe Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan da yanzu ake kira Mrauk U. Sai Dalet, sai Tamandu a watan Maris, sai Letmauk da hanyar An, sai Taungup, har Sandoway dab da saukar damina. Na ajiye fensir na jingina. Kalapanzin da Dalet na Kaduna, Letmauk na Ibadan, Myohaung da An da Tamandu da Arakan da Dodan na Legas, ashe duk taswirar tafiyar su kakana ce aka rarraba a ƙofofin barikinmu, Dodan ɗin nan da aka mulki ƙasar nan daga cikinsa shekara da shekaru. A makaranta ba wanda ya taɓa gaya mana, kuma har yau abin yana min ciwo, yaro zai haddace sunan sarakunan Ingila amma bai san Kalapanzin kogi ne da kakansa ya tsallaka da akwatin harsashi a ka ba.

Sai a nan na gane maganar Baba samanja sosai. Arakan ƙasa ce ta tsaunuka masu tsayi da kurmin gora, ga ƙoramu da suke cika su janye tare da teku, wurare da yawa mota ba ta shiga, wani wajen ko alfadari ba ya iya hawa. Dalilin da yasa Turawa suka kai 'yan Afirka ta Yamma can kenan tun farko, dan runduna ce da zata iya tafiya ba titi, kayanta a kan mutane. Jirgin sama zai zo ya sako abinci da harsashi da laima, 'yan dako su ne zasu bazu cikin daji su tattaro, su ɗaure, su ɗora, su bi bayan masu bindiga, igwa a kwance ta gunduwa gunduwa kowa ya ɗauki nasa, na'urar waya, maganin asibiti, in an harbi mutum su ne zasu ɗauko shi a makara su hau dutse su sauka da shi, in ana son ɗan filin da ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashe marasa lafiya su ne zasu sare daji da adda su baje ƙasa. Yawancinsu addar ce kawai makaminsu, kuma Japan in zata yi kwanton ɓauna ai layin masu kaya take so dan ta san nan ne ba wuta. Mutum ya shiga inda ake harbi hannunsa biyu suna riƙe da kaya a ka, ba abinda zai rama da shi, ni a wajena wannan jarumta ce da ta kai ta kowa. Ga zazzaɓin cizon sauro ga atuni ga ruwan da in ya fara a watan Mayu sai ya yi watanni, jerin marasa lafiya a littafin wani lokaci yafi na waɗanda aka harba tsawo nesa ba kusa ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne yadda aka rubuta mutane. Hafsa Bature ko asibiti ya tafi ko hutu ya dawo sai an sa sunansa da muƙaminsa. Namu kuwa haruffa uku ne, AOR, ma'ana sauran sojoji 'yan Afirka, AOR kaza sun ji rauni, AOR kaza sun mutu, AOR kaza sun ɓata, adadi kawai. Shafi bayan shafi haka. Kuma duk yawan 'yan Najeriya a rundunar nan iyakar mutum ya kai samanja, hafsa sai Bature, ko da yaro ne jiya ya fito daga makaranta. Maganar kuɗi ma haka, a gidan nan na Kew aka tono takardar da jaridu suka yi ta magana a kai a 2019, wadda ta nuna kuɗin sallama na farabiti farar fata sule 10 ne a kan kowane wata da yayi, na baƙar fata sule uku da sisi. Da na tuna wasiƙun da na karanta a Kaduna na masu cewa kuɗinsu bai cika ba sai naga ashe tun daga sama aka yanke shi a gajarce.

Amma kar mutum ya tsaya a shafukan gaba kawai, ya duba takardun da ake liƙawa a ƙarshen kowane wata, a nan ne wani lokaci ake samun jerin suna da lamba, na waɗanda aka ƙara wa girma ko aka kai asibiti ko suka rasu. Akwai kuma WO 373, takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a ba soja lambar jarumta, wannan ma daga gida ana iya bincika shi da suna a intanet, kuma nan ne zaka ga an kira namu da sunansu an faɗi abinda suka yi dalla dalla, kofur wane ya riƙe tudu, saja wane ya koma ya ɗauko hafsansa. Na karanta da yawa duk da nasan kakana baya ciki, dan daɗin ganin sunan kawai. Shi dai sunansa ban gan shi a Kew ba, ko sau ɗaya. Abinda na samu shi ne hanyar da ƙungiyarsa ta bi wata bayan wata, tun daga jirgin ruwa har zaman jiran dawowa gida, dan Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945 amma da yawansu sai 1946 suka ga Legas saboda ƙarancin jirage. Na ɗauki hoton shafukan duka.

Sauran wuraren na Landan a gurguje na bi su. Akwai ginshiƙan tunawa a kusa da fadar Buckingham da aka buɗe a 2002 dan sojojin Indiya da Afirka da Karibiyan, akwai dutsen tunawa da Chindit a bakin kogin Thames, akwai gidan tarihin yaƙi na Lambeth mai tarin hotunan sojojinmu a Bama, kuma hotunan suna shafinsu na intanet kowa zai iya gani. Na daɗe ina kallon fuskoki, samari ne ƙanana wasu da tsagar gado a kumatu, suna tsallaka ruwa da kaya a ka, bayanin ƙasan hoton galibi sai yace sojojin Afirka ta Yamma a wuri kaza, shikenan. Ko Sarkin Katsina Usman Nagogo sai da ya je har can ya gaishe su bayan hawansa gado a 1944, abin ba ƙarami bane a lokacin, mu ne muka bari ya shuɗe.

Da daddare na kira Gwaggo ina karanto mata sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya ko wani zai faɗo mata. Ina cewa Tamandu tace tsaya, maimaita. Tace Baba yana faɗin wannan sunan, can ne ya rabu da amininsa wanda suka shiga soja rana ɗaya, tare aka auna su tare aka aske su, shi bai dawo ba, kuma har Baba ya rasu duk shekara sai ya je ya gaida mahaifiyar yaron tun tana raye. Ta kuma tuno yana cewa a can sun tarar da musulmi, har sun yi sallah a masallacinsu, kuma gaskiya ne yankin Buthidaung da Maungdaw musulmi ne da yawa, su ne 'yan Rohingya da sama da 700,000 daga cikinsu suka gudu Bangaladash a 2017, suka zube a yankin Cox's Bazar, ta inda su kakana suka bi suka shiga. Shekara nawa muna zaune da Gwaggo bata taɓa faɗin wannan ba, ba kuma ɓoyewa tayi ba, ba wanda ya taɓa kawo mata sunan da zai taso da shi. Shi yasa nake cewa in ka samo wani abu a takarda ka koma da shi wajen tsofaffi tun suna nan, takardar tana buɗe musu baki.

Ta bani sunan aminin, na shiga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, wanda kowa zai iya bincikawa kyauta. Nan ma sai kayi da gaske, suna ɗaya zaka ganshi an rubuta shi kala uku ko huɗu yadda kunnen magatakarda ya ji, Mamman ya koma Mama ko Momo, Audu ya koma Awudu, kuma masu sunan da nake nema sun fito da yawa, allura cikin ruwa. Lamba ce ta sake raba gardama. Tunda a jere ake ba da ita ranar ɗauka, na bi su ɗaya ɗaya har na samu wanda tasa take dab da ta kakana, shi ma ɗan dako, kuma rasuwarsa ta faɗa a Maris 1945, daidai lokacin da littafin ya nuna suna tsakanin Dalet da Tamandu. Ba shi da kabari sananne. Sunansa yana jikin ginshiƙan tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan a wajen birnin Yangon, cikin kusan mutum 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san inda aka binne su ba. Wasu namu kuma suna da kabari da suna a maƙabartun Chittagong da Maynamati a Bangaladash, wanda nasa bai dawo ba ya duba can ma.

Naso ƙwarai in ƙarasa har Arakan in ga kogin da idona, amma yanzu jihar Rakhine ce kuma yaƙi ake a cikinta, abin ya ƙara ƙamari bayan juyin mulkin 2021, Mrauk U ɗin ma ta faɗa hannun 'yan tawaye a 2024, ba wajen zuwa bane yanzu. Shafin hukumar CWGC ɗin yana ba da takardar shaida mai sunan mamaci da lambarsa da inda aka rubuta shi, na sauke na buga kwafi biyu. Gwaggo tace akwai jikar ƙanwar aminin da ta sani, tana nan da rai, kuma a iya saninta danginsa basu taɓa jin cewa an rubuta sunansa a wani waje a duniya ba. Mun yi da ita in na je zata raka ni mu kai musu, daga nan in wuce Lakwaja in ji ko an samu wani abu a kan lambar kakana, in sa musu da ta aminin ma su duba.